Kaisar Agustus: Sarkin da Ya Yi Mulki da Zobe da Fuska

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ambaci watan Agusta ya ambaci sunan wani sarkin Rumawa, ko ya sani ko bai sani ba. Sarkin nan shi ne Agustus, wanda ya kafa sarautar Kaisarori a daular Rum, ya kuma riƙe ragamarta fiye da shekara 40. Tarihinsa ya iso ga mutanen yau ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce rubuce-rubucen marubutan daular, irin su Filini Babba da Suwetoniyus da Kasiyus Diyo. Ta biyu kuwa ita ce kayayyakin da zamaninsa ya bari, waɗanda masu haƙar kayan tarihi suka tono daga ƙasa, ko kuma aka gada hannu da hannu a taskokin sarakuna. Daga cikin kayan akwai zobba da duwatsun ado da lambobin girma da kuɗaɗen da aka huda aka rataya a wuya, da yawansu ɗauke da fuskarsa.

A wannan babi za a bi rayuwar Agustus tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, ana duban ta ta fuskar waɗannan kayan ado. Manufa ita ce ɗalibi ya ga yadda dutsen da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba yake zama shaidar tarihi, ya kuma gane inda shaidar take faɗin gaskiya da inda take yi wa mai ita kwalliya. An taƙaita kalmomin kafin Miladiyya da haruffan K.M.

2.0 Matsayin Zobe a Wurin Rumawa

Kafin a shiga tarihin, wajibi ne a fahimci abin da zobe yake nufi ga Barume. A wurinsu zobe shi ne hatimi, hatimi kuwa shi ne sa hannu. Akan sassaƙa wata siffa a jikin dutsen zoben, idan mutum ya rubuta wasiƙa ko wasiyya ko yarjejeniyar bashi, sai ya danna dutsen a kan kakin zuma ko yumɓu, siffar ta fito. Da shi ake rufe akwatin kuɗi da ɗakin ajiyar abinci. Saboda haka wanda ya riƙe zoben mutum kamar ya riƙe bakinsa ne.

Haka kuma zobe yana nuna matsayi. A zamanin da can, na baƙin ƙarfe Rumawa suke sawa. Daga baya zoben zinariya ya zama alamar 'yan Majalisar Dattawa da ajin barade, wato masu hannu da shuni da ke bi wa dattawan a daraja, waɗanda sai dukiyar mutum ta kai sestarti 400,000 ake lissafa shi cikinsu. Bawa ba ya sa shi, 'yantaccen bawa ma sai da izini na musamman.

Sassaƙar duwatsun ado iri biyu ce. Akwai sassaƙar rami, inda ake ƙwaƙule siffar zuwa cikin dutsen, ita ce ta hatimi. Akwai kuma sassaƙar tudu, wadda ake kira kamiyo, inda ake zaɓen dutse mai hawa-hawa na launi daban-daban, dangin tsakiya, a bar farin hawan ya zama siffar, a kankare kewayensa har baƙin hawan da ke ƙasa ya bayyana. Masassaƙan kan yi aiki da ƙananan na'urorin huda masu juyawa da garin wani dutse mai kaifi, kuma babban kamiyo guda kan ci lokaci mai tsawo. Wanda ba shi da halin sayen dutse sai ya sayi na gilashi, wanda ake narkarwa a danna cikin mazubi, a fitar da ɗaruruwa masu siffa ɗaya cikin araha.

3.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Agustus a birnin Rum ranar 23 ga Satumba, shekara ta 63 K.M., aka raɗa masa suna Gayus Oktabiyus, sunan mahaifinsa. Gidansu na masu arziki ne daga garin Belitire, amma ba ya cikin tsofaffin gidajen sarauta, domin mahaifinsa ne ya fara shiga Majalisar Dattawa a zuriyarsu. Darajarsa ta ɓangaren uwa take. Mahaifiyarsa Atiya 'yar Yuliya ce, Yuliya kuwa 'yar'uwar Yuliyus Kaisar ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsa ya rasu a shekara ta 59 K.M., yaron yana ɗan shekara 4, ya taso a hannun kakarsa Yuliya. Da ta rasu, shi ne ya yi jawabin yabonta a bainar jama'a, yana kimanin shekara 12.

Bisa al'adar Rumawa, ɗan da aka haifa cikin 'yanci yakan rataya wata laya da ake kira bulla, ta zinariya ga 'ya'yan masu hali, ta fata ga 'ya'yan talakawa, domin kariya daga kambun baka. Ranar da ya isa mutum sai ya tuɓe ta ya miƙa wa gumakan gidansu, ya yafa farin mayafin manya da ake kira toga. An tono irin wannan laya ta zinariya a kufan Fomfai, ana kuma ganin ta a wuyan yaran gidan sarauta da aka sassaƙa a jikin Bagaden Zaman Lafiya, wanda aka buɗe a birnin Rum a shekara ta 9 K.M. Oktabiyus ya yafa nasa mayafin yana kimanin shekara 15.

Yaro ne mai yawan laulayi, amma Yuliyus Kaisar, wanda ba shi da ɗa namiji na halak a dokar Rum, ya lura da kaifin hankalinsa. Ya jawo shi jiki, ya kuma tura shi garin Afoloniya, a ƙasar Albaniya ta yau, domin ya yi karatu ya saba da sojoji. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe Kaisar a zauren majalisa ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 K.M.

4.0 Gadon Kaisar da Yaƙin Basasa

Da aka buɗe wasiyya sai aka tarar Kaisar ya mai da Oktabiyus ɗansa, ya bar masa sunansa da mafi yawan dukiyarsa. Mahaifiyarsa da mijinta sun ji masa tsoron karɓar gadon, domin shekarunsa 18 kacal, ga makasan suna nan da ƙarfinsu, ga kuma Markus Antoniyus, na hannun daman marigayin, ya riga ya kame kuɗi da takardu. Duk da haka ya karɓa. Daga nan ne masana tarihi suke kiransa Oktabiyan.

Ba shi da muƙami, ba shi da tarihin yaƙi. Jarinsa shi ne suna da fuska, ya kuwa san yadda zai juya su. A nan ne kayan da aka tono suke cike giɓin da littattafai suka bari. An sami ɗimbin ƙananan duwatsun zobe na gilashi na wannan zamani, ɗauke da kan saurayin. A wasu an ɗora kan nasa bisa hoton zobe, abin da masana suke fassarawa da cewa shi ne magajin hatimin Kaisar. A wasu an haɗa shi da zangarniyar alkama ko ƙahon yalwa, wato alƙawarin ƙoshi da gona ga tsofaffin sojoji. A wasu kuma an sa alamar burujin Jadyu, akuya mai wutsiyar kifi, wadda ya ɗauka a matsayin tauraron sa'arsa. A hotunansa na waɗannan shekaru yakan bayyana da ɗan gemu, alamar yana cikin makokin uban da bai gama ɗaukar wa fansa ba. Arahar gilashin ta nuna cewa sojoji da talakawa ne suke sa zobban, kowa yana bayyana ɓangaren da yake goyon baya a ɗan yatsarsa.

Sai dai akwai abin da zobban ba su nuna ba. A ƙarshen shekara ta 43 K.M. Oktabiyan ya haɗa kai da Antoniyus da Lefidus, suka raba mulki su uku, suka kafe sunayen abokan gaba a dandalin birni. Duk wanda sunansa ya fito, jininsa ya halatta, dukiyarsa ta zama ta hukuma. Ta haka aka kashe ɗimbin dattawa da barade, cikinsu har da shahararren mai fasahar magana Sisero. Filini ya kawo labarin wani dattijo mai suna Noniyus, wanda Antoniyus ya sa sunansa saboda kwaɗayin wani dutse mai walƙiya da ke zobensa. Mutumin ya gudu ya bar duk abin da ya mallaka, zoben kaɗai ya ɗauka.

A shekara ta 42 K.M. aka ci makasan Kaisar da yaƙi a Filifi. A ta 36 K.M. abokinsa na ƙuruciya, Markus Agirifa, ya murƙushe rundunar ruwan Sekstus Fomfeyus a gaɓar Sisili. Da ma an ce sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Antoniyus ya koma gabas ya haɗa kai da Kiliyobatara sarauniyar Misira, aka yi ta jifan juna da zargi, har aka gwabza a tekun Aktiyum ranar 2 ga Satumba, shekara ta 31 K.M., Oktabiyan ya yi nasara. A gidan adana kayan tarihi na birnin Boston a Amurka akwai wani jan dutsen zobe, wanda aka ce a Tunisiya aka same shi, inda aka sassaƙa shi cikin siffar abin bautar teku, dawakan ruwa suna jan kekensa, kan wani abokin gaba yana nutsewa cikin igiyar ruwa.

5.0 Hatimai Uku

Marubuta sun bayyana cewa hatimi uku ya yi amfani da su a rayuwarsa, kowanne kuwa ya dace da wani mataki na mulkinsa. Na farko yana ɗauke da Sifinkis, wata halitta ta tatsuniyar Girkawa mai jikin zaki da kan mace, wadda take tare matafiya da kacici-kacici, wanda ya kāsa amsawa ta hallaka shi. Filini ya ce duwatsu biyu masu kama ɗaya ya tarar cikin zobban mahaifiyarsa. Ya riƙe ɗaya, ya bar ɗayan a hannun amintattunsa Agirifa da Mesinas, domin su riƙa buga wa wasiƙu hatimi da sunansa idan yana fagen fama. Masu karɓar wasiƙun sukan yi ba'a cewa Sifinkis ta kawo kacici-kacicinta. Shi kuwa Mesinas hoton kwaɗo ne a nasa zoben, mutane suna fargabar ganinsa, don ya saba zuwa tare da takardar neman kuɗi.

Na biyu yana ɗauke da kan Iskandar Mai Girma. Bayan da Antoniyus da Kiliyobatara suka kashe kansu a shekara ta 30 K.M., Oktabiyan ya shiga birnin Iskandariyya, ya ziyarci gawar Iskandar, ya ɗora mata kambin zinariya ya watsa furanni. Dukiyar Misira da ya kwaso ta yi yawan da kuɗin ruwa ya faɗi a Rum, farashin gonaki ya tashi. An ce daga kayan fadar sarauniyar kofi ɗaya kaɗai ya riƙe wa kansa. A ɗakin bautar Jufita kuwa ya ajiye zinariya mai nauyin fam 16,000 na awon Rumawa, da lu'ulu'u da duwatsu na sestarti miliyan 50.

Oktabiyan bai manta abin da ya ci Kaisar ba, wato zargin neman sarauta. Don haka a watan Janairu na shekara ta 27 K.M. ya shelanta cewa ya mayar wa Majalisa da jama'a mulkinsu. Majalisar ta bar masa lardunan da mafi yawan sojoji suke, ta kuma ba shi laƙabin Agustus, ma'ana mai alfarma. Bai taɓa kiran kansa sarki ba, sai dai na farko cikin 'yan ƙasa. Ya sa aka narkar da gumakansa na azurfa kimanin 80 da ke birnin, aka yi wa ɗakin bautar Afolo kyautar zinariya da kuɗin. Yakan sa tufafin da matan gidansa suka saƙa. Amma hatiminsa na uku fuskarsa ce shi kansa, wadda wani gwanin masassaƙi Bagirke mai suna Diyoskurides ya yi masa. Daga nan duk umurnin da ya fita zuwa larduna da wannan fuska yake tafiya. Sarakunan da suka gaje shi suka ci gaba da buga hatimi da ita, in ban da Galba, wanda ya riƙe hatimin kakanninsa.

6.0 Ciwon Shekara ta 23 K.M.

Ranar da aka fi ganin nauyin zoben ita ce lokacin da ciwo ya kwantar da Agustus a shekara ta 23 K.M., har aka fid da rai. Tun da a dokance babu sarauta, babu kuma dokar gado. Jama'a sun zaci zai nuna Marselus, ɗan 'yar'uwarsa Oktabiya, wanda ya aurar wa 'yarsa tilo Yuliya. Da manyan gari suka taru a gefen gadonsa, sai ya miƙa wa abokin shugabancinsa na wannan shekara, Fiso, takardun lissafin sojoji da na baitulmali, ya zare zobensa ya ba Agirifa, bai naɗa kowa da baki ba. Da wannan ya tsira daga zargin naɗa magaji, ya kuma nuna wa sojoji wanda za su bi.

Kwana bai ƙare ba. Wani likita mai suna Antoniyus Musa, 'yantaccen bawa, ya yi masa magani da wankan ruwan sanyi da shan sanyi, ya tashi. Ladan likitan ya haɗa da kuɗi masu yawa da izinin sa zoben zinariya, abin da ya ɗaga shi zuwa sahun barade. Cikin shekarar nan Marselus ya kwanta, aka yi masa irin wannan magani, bai tashi ba. Matsalar magaji ta bi Agustus har tsufansa. Agirifa ya rasu a shekara ta 12 K.M. Jikokinsa biyu da ya mai da su 'ya'yansa, Lusiyus da Gayus, suka rasu a shekara ta 2 da ta 4 Miladiyya. Ala tilas ya ɗauki Tibariyus, agolan da matarsa Liviya ta zo da shi.

7.0 Fuskar da Ba ta Tsufa

Suwetoniyus ya siffanta Agustus da cewa kyakkyawa ne mai hasken ido, amma gajere ne har yakan sa takalma masu tudu, haƙoransa ƙanana ne masu giɓi da lalacewa, jikinsa da tabbai, a wasu lokuta yana ɗingishi da ƙafar hagu, idonsa na hagu kuma ya raunana da tsufa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya bayyana a hotunansa. Gumakansa fiye da 200 sun wanzu, ban da na kuɗi da na duwatsu, kuma tun daga wajejen shekara ta 27 K.M. kusan fuska ɗaya ce, ta mutum mai ƙuruciya da natsuwa, ba tamoji ba furfura. Masana sukan gane ta da yadda gashin goshinsa ya rabu kamar bakin awartaki, kamar yadda yake a gunkin da aka tono a shekarar 1863 a gidan gonar Liviya da ke Firima Fota. Tsofaffin dattawan Rum sun saba alfahari da tamojin fuskarsu a gumaka. Agustus ya kauce wa wannan al'ada ya ari salon Girkawa, domin daular ta riƙa ganin mulkin da ba ya gajiya.

A duwatsun kamiyo, waɗanda 'yan fada kaɗai suke gani, an faɗi abin da ba a iya faɗi a dandali. Mafi shahara shi ne wanda ake kira Gemma Augustea, mai tsawon santimita 19 da faɗin 23, wanda aka sassaƙa a ƙarshen rayuwarsa ko jim kaɗan bayan mutuwarsa, ana kuma danganta aikin ga Diyoskurides ko almajiransa. A hawan sama Agustus yana zaune kamar Jufita, gaggafa a ƙarƙashin kujerarsa, ana ɗora masa kambi, alamar Jadyu tana kusa da kansa, Tibariyus yana saukowa daga keken nasara. A hawan ƙasa sojoji suna kafa alamar cin yaƙi, ga kamammu maza da mata, ana jan wata da gashin kanta. Mutumin da ya ƙi sunan sarki a gaban Majalisa, ga shi an zaunar da shi a mazaunin abin bauta.

Ya kamata a lura cewa irin waɗannan manyan duwatsu yawancinsu ba daga ƙasa aka tono su ba, tsadarsu ta sa aka yi ta adana su. An rubuta Gemma Augustea cikin kayan wata majami'a a birnin Tulus na Faransa a shekarar 1246, daga baya sarki Rudolf na II ya saye shi, yanzu yana birnin Biyana na Ostiriya. Wani kamiyon mai fuskar Agustus, wanda gidan adana kayan tarihi na Birtaniya ya saya daga tarin iyalin Balakas a 1867, an ƙara masa ɗaurin kai na duwatsu ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsa. Wani kuma an dasa shi a tsakiyar wani giciye na zinariya da aka ƙera wajejen shekara ta 1000, yana birnin Akin na Jamus. Wannan ya sa mai nazari yake bambanta abin da aka tono a mazauninsa, wanda ƙasar da ta rufe shi take ba da shaidar zamaninsa, da abin da ya ratsa hannaye ana yi masa ƙari da ragi.

8.0 Inda Fuskar ta Kai

Fuskar Agustus ta je inda ƙafarsa ba ta taka ba. Bayan cin Misira, jiragen fatake suka yawaita tsakanin Bahar Maliya da Indiya, suna sayo barkono da lu'ulu'u da duwatsun ado. A kudancin Indiya an tono tarin kuɗaɗen azurfa da na zinariya masu kan Agustus da Tibariyus. Wasu an huda su domin ratayawa, an kuma sami kwaikwayonsu na yumɓu da aka yi don ado. A can fuskar ta rabu da ikonta, ta zama abin wuya kawai. A sansanonin soja na bakin kogin Rayin da na Birtaniya kuwa an sami lambobin girma na shuɗin gilashi masu fuskokin 'ya'yan gidansa, waɗanda aka raba wa sojoji a zamanin magadansa suna ɗaurawa a ƙirji.

A Afirka labarin ya sha bamban. Wajejen shekara ta 25 K.M. mayaƙan daular Kush, a ƙasar Sudan ta yau, suka kai hari kudancin Misira, suka kwashe gumakan Agustus. Ana danganta jagorancin yaƙin ga sarauniya Amanirenas. Rumawa sun mai da martani har zuwa Nafata, daga bisani aka yi sulhu a tsibirin Samos, aka ɗauke wa Kushawa haraji. A watan Disamba na 1910 wani mai haƙar kayan tarihi daga Jami'ar Libaful, John Garstang, ya tono kan gunkin Agustus na tagulla a Meroe, babban birnin Kush, idanunsa na farin dutse da gilashi suna nan daram. An binne shi ne a ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta, domin duk mai shiga ya taka shi. Kushawa sun fahimci abin da fuskar take nufi, suka ba da amsa da irin harshenta. Binnewar da aka yi don wulaƙanci ita ce ta kare kan daga narkarwa, yanzu yana birnin Landan.

9.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da ɗaci. A shekara ta 2 K.M., wadda Majalisa ta ba shi laƙabin uban ƙasa, ya kori 'yarsa Yuliya zuwa wani ɗan tsibiri bisa laifin keta dokokin aure da shi kansa ya kafa, ya hana ta giya da duk wani jin daɗi. A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus suka hallaka rundunoninsa 3 a dajin Tutobag, ya yi watanni bai aske gashi da gemu ba saboda baƙin ciki. Wannan fuska ta tsoho mai makoki babu masassaƙin da ya dasa ta a zobe.

Ya rasu a garin Nola ranar 19 ga Agusta, shekara ta 14 Miladiyya, yana da shekara 75, a watan da aka sa wa sunansa tun shekara ta 8 K.M. Suwetoniyus ya ruwaito cewa a ranar ya nemi madubi, ya sa aka taje masa gashi aka gyara masa haɓar da ta saki, sannan ya tambayi abokansa ko ya iya taka rawarsa a wasan kwaikwayon duniya. Cikin shawarwarin da aka kawo a Majalisa don girmama shi har da cewa ranar jana'izarsa a tuɓe zobban zinariya a sa na baƙin ƙarfe. Bayan an ƙone gawar bisa al'adarsu, manyan barade suka tattara ƙasusuwan ba takalmi a ƙafarsu, aka sa a kabarin da ya gina wa zuriyarsa. A watan Satumba Majalisa ta shigar da shi cikin abubuwan bautar daular. Akwai wani kamiyo a Biyana da ke nuna Liviya zaune tana riƙe da ɗan gunkinsa tana dubansa.

Bayan mutuwarsa fuskar ta zama abin tsoro. A zamanin Tibariyus, shiga makewayi ko gidan karuwai da zobe ko kuɗi mai hoton Agustus ya zama laifin da kan iya cin ran mutum. Zoben da talaka ya sa da son ransa a shekarun yaƙin basasa ya koma tarko a hannun 'yan tsegumi.

10.0 Kammalawa

Agustus ya tarar da daular da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita, ya bar ta cikin tsari da zaman lafiyar da ya daɗe bayansa. Ya hau ne ta kan jinin 'yan ƙasarsa, ya zauna da wayo da haƙuri da sanin abin da ido yake so ya gani. Kayan adon zamaninsa sun adana abubuwan da marubuta ba su kula da su ba, kamar goyon bayan sojan da ba shi da abin sayen dutse sai gilashi, da fahariyar da ake yi a cikin fada, da martanin Kushawa. Amma fuskar da ke jikinsu ita ce wadda mai ita ya zaɓa a gani. Saboda haka malamin da zai koyar da tarihin wani shahararre, ko na nesa ne ko na gida, ya kamata ya auna abin da aka rubuta da abin da aka tono, ya kuma tambayi kowace shaida wanda ya yi ta, da wanda aka yi domin shi, da abin da ta yi shiru a kansa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana ayyuka biyu da zobe yake yi a rayuwar Rumawa.
2. Mene ne bambancin sassaƙar rami da sassaƙar tudu?
3. Kawo hatimai uku na Agustus, tare da nuna yadda kowanne ya dace da matakin mulkinsa.
4. Kwatanta siffar Agustus a rubutun Suwetoniyus da siffarsa a duwatsun ado. Me ya kawo bambancin?
5. Wane darasi ake koya daga wurin da aka tono kan gunkinsa a Meroe?